Asarar tumatir daga lambu take farawa

'Yan uwa manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, duk shekara idan tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan, kukan da nake ji iri ɗaya ne: kaya sun ruɓe a hanya, dillali ya karya kuɗi. Laifin hanya da mota gaskiya ne. Amma ni da nake zagaya lambuna a matsayin malamin gona, na sha ganin tumatir ya mutu tun kafin ya ga mota.

Ga yadda abin yake. A fara ɗiba da hantsi, a kai har azahar, a jibge a bakin lambu rana tana dukansa. Tumatir yana numfashi ko bayan an tsinke shi, kuma zafi ne ke gaggauta nunarsa. Ku ɗiba da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar sakaliya. Ku kafa 'yar rumfa, ko ta karan dawa ce, ta isa.

Wanda zai tafi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a tsinke shi da zarar ya fara sauya launi. Jajayen a kai su kasuwar 'Yankaba da ke nan Kano. Sannan a tsince. Wanda ya fashe ko tsutsa ta huda, kada a ce "bari ya cika kwando". Ruwansa ne zai jiƙa na ƙasa, kafin gari ya waye rabin kwandon ya zama miya.

Maganar kwando kuwa, na san ba kowa zai so ji ba. Zuba hannunka cikin sabon kwando, ka ji yadda tsinkensa ke karce fata. Haka yake yi wa tumatir. Ga shi a cika shi har ya yi tozo, a ɗora wani a kai. Kwandon roba yana ɗaukar kimanin kilo 25, yana da ƙofofin shan iska, kuma idan an jera, nauyin a kan robar yake sauka. Da tsada, na yarda. Shi ya sa gara ƙungiya ta saya, ko a karɓi haya.

Idan kasuwa ta faɗi warwas, a yi kauɗa, amma a shanya a kan tabarma ko gado, ba a ƙasa a bakin titi ba.

Na cefanen gida kuwa, Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabon Rolex a 2000 kan dabarar tukunya cikin tukunya. A saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye ta a inuwa, inda iska ke wucewa.