Tsutsar bogi ta kamun kifin tirawut

Tsutsar bogi ƙugiya ce da ake naɗe ta da gashin tsuntsu ko na zomo har ta yi kama da ƙwaron ruwa tun bai yi fiffike ba. Da ita ake yaudarar tirawut, kifin ruwan sanyi wanda yawancin abincinsa a ƙarƙashin ruwa yake samu.

Tarihi

An fi danganta wannan dabara da G. E. M. Skues, wani lauya da ya daɗe yana fatsa a kogin Itchen a kudancin Ingila. A zamaninsa manyan masu fatsa mabiya Frederic Halford sun tsaya kan cewa ƙwaron bogi mai yawo a saman ruwa shi kaɗai ya dace. Skues ya lura kifin yakan cafke ƙwari tun ba su ɓullo sama ba, ya kuma rubuta haka a littafinsa na 1910. An yi muhawara a kai a Landan a 1938, ba ta yi masa daɗi ba. Daga baya Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon, ya fito da samfurin da ya fi shahara. Akan ce a wajajen shekarun 1950 ya bazu, ko da yake wasu na ganin ya girmi haka.

Ɗauri

Samfurin Sawyer ko zare babu. Siririyar wayar jan ƙarfe ake fara naɗawa a jikin ƙugiya, a tara ta kusa da idon ƙugiyar ta yi ɗan tozo, nauyinta ne ke nutsar da ita. Sai a ɗauko silin gashi kaɗan daga wutsiyar namijin fezan, wani tsuntsu mai doguwar wutsiya, a bar tsininsu ya zama jela, a murɗe sauran da wayar a naɗe jiki, a lanƙwasa ragowar bisa tozon. An fi amfani da ƙananan ƙugiyoyi, lamba 12 zuwa 18.

Jifa

Sama da inda kifin yake ake jefawa, a bar ruwa ya gangaro da ita. Da igiya ta ɗan tsaya, alamar kifi ya kama, sai a ɗaga sanda.

A Kano da Jigawa

Tirawut ba ya jure ɗumin ruwan Tiga ko kogin Haɗejiya. Masunta a nan tana da gara suke sa wa ƙugiya don tarwaɗa da karfasa, ga kuma taru da birgi. A Afirka, Turawan mulkin mallaka sun kai tirawut zuwa tsaunukan Kenya da Afirka ta Kudu.