Jijjiga daban, farfaɗiya daban

Kwanakin nan da ka murɗa rediyo sai ka ji an ce "bincike ya nuna tsiro kaza yana haddasa farfaɗiya." Mai tallan magani a lasifika kuma ya rantse cewa haɗinsa an gwada shi a kan ɓeraye, ya kori farfaɗiya sarai. Dukansu hawan ƙawara suke yi wa kalmar. Abin da ake gani a jikin ɓerayen nan, galibi jijjiga ce.

Jijjiga abu ne da kan auku ya wuce. Zazzaɓi mai zafi kan jawo wa yaro ita, hawan jini kan jawo wa mai ciki, haka faɗuwar sukari, haka guba. Farfaɗiya kuwa sai abin ya zame wa ƙwaƙwalwa hali. A ƙa'idar da likitoci suka saba aiki da ita, sai mutum ya faɗi sau biyu ba tare da wani abu ya tsokano ba, kuma tsakani ya haura awa 24.

Ɗauki pikrotoksin, gubar da ke cikin 'ya'yan wata yaɗo ta Indiya da Kudu maso Gabashin Asiya. Masuntan can kan daka 'ya'yan su watsa a ruwa kifi ya taso a buge, kamar yadda namu suka san magimfa. A 1812 wani Bafaranshe mai harhaɗa magunguna, Pierre Boullay, ya tace gubar. Sunan daga Girkanci ne: rabin farko "ɗaci", rabi na biyu kuma asalinsa dafin da ake shafa wa kibiya. Don ɗacin nan da buguwar wasu masu giya a Ingila suka riƙa zuba 'ya'yan a tukunya. Ƙwaƙwalwa tana da birki, wani sinadari da ake kira GABA, wanda ke ce wa jijiyoyi su lafa. Pikrotoksin toshe ƙofar birkin take yi.

A ɗakin gwaji sai a yi wa ɓera allurarta, a sa shi a akwati mai gilashi, a danna agogo. Zai yi tsit, gashin baki ya fara rawa, ya zabura, sannan ya kife yana shure-shure. A rubuta minti nawa aka ɗauka. Wani rukunin kuma a fara ba su maganin da ake gwadawa, a ga ko faɗuwar za ta jinkirta. Ɓeran da ya tsira, da gubar ta bar jikinsa, ya koma cin abincinsa. Ina farfaɗiya a nan?

In ana son ta gaske, akwai pilokafin, daga ganyen wani tsiron Burazil, wanda har maganin ɗigawa ne na hawan jinin ido. Tun 1983 ake dirka wa ɓeraye shi da yawa su yi awoyi suna jijjiga. Sai su yi lafiya lau na kwanaki ko makonni, daga nan su fara faɗuwa da kansu, ba allura ba komai.

Ni abin da ke ƙona mini rai ba ɓera ba ne. Yarinya ce za ta yi jijjigar zazzaɓi tana shekara biyu, a ce ai mai farfaɗiya ce, a ware mata kofi don gudun yawunta, alhali ko farfaɗiyar gaske ba a ɗaukarta ta yawu. Shekara ashirin bayan nan, dangin saurayi su zo bincike, wata maƙwabciya ta rage murya ta ce, "Ai tana da ciwon nan."