Sayen kujera biyu a motar haya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da zarar Sallah ta matso, ko ɗalibai sun fara shirin komawa makaranta, sai tambayoyin nan su dawo, kusan da kalmomi iri ɗaya. Don na taɓa zama a teburin da ake rubuta sunayen fasinja a tasha, kowa ni yake kira. To ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Wai da gaske ana iya biyan kuɗin mutum biyu a zauna mutum ɗaya?

Ana iyawa. Direba kujera yake sayarwa, ba ruwansa da ko mutum ne a kanta ko iska.

Ana yin ragi a kan ta biyun?

Ba a yi. In kuɗin mota naira 15,000 ne, ka tanadi 30,000, kada ka ɓata bakinka. Wani lokaci in rana ta take, mota ta ƙi cika, saura mutum ɗaya, ɗan kamasho kan sassauta don a tashi. Wannan sa'a ce, kada ka fito daga gida da lissafinta.

Mutane ba za su ce girman kai ne ba?

Za su ce. Sai me? Su ɗin nan da suke gunaguni, kai ka cika musu motar da suka yi awa biyu suna jiran cikarta. Kafin a fita gari sun manta da kai.

Me ya sa tun farko ake matse mu haka?

Lissafi ne. Motar da muke kira Sharon, kamfanin Volkswagen ya ƙera ta da kujera bakwai har da ta direba. A tasha kuwa fasinja tara ake zuba mata: biyu a gidan gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya. Golf ma haka, biyu gaba huɗu baya. Wato in ka biya kuɗin mutum biyu a gidan gaba, abin da ka samu shi ne kujerar da aka yi wa mutum ɗaya tun daga masana'anta. Ba yau aka fara ba, tun zamanin Fijo 504 ake yi, sai dai cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa direba ya ƙara riƙe kowane kai da muhimmanci. Lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa tun 1988, direban ma ya sani. Amma in ya auna tarar da za a ci shi da kuɗin mai, ya san wanda yake biya kullum. Ban ce daidai ba ne. Na dai gaya maka dalili.

Wace kujera ya kamata in haɗa?

A ƙaramar mota, ka sayi gidan gaba gaba ɗaya. Shi kaɗai ne yake da iyaka, ƙofa a dama, giya a hagu, ba mai shigo maka. Kada ka biya biyu a layin tsakiya. Wurin mutum huɗu ne, kun zama uku, kafin a kai Kwanar Dangora maƙwabtanka sun baje, kowa ya sha iska da kuɗinka, kuma ba ka da layin da za ka nuna ka ce daga nan nawa ya fara.

A Hummer, layin da ke bayan direba ya fi wurin miƙe ƙafa. Ka guji kujerar da ke kan taya, gwiwarka a ƙirji za ta yini, ka guji layin ƙarshe, inda ake turo kayan but har su taɓa ƙeya. A lagzarin da ke tashi daga New Road a Sabon Garin Kano zuwa Legas, kujeru bibbiyu ne a kowane gefe. Ka shiga ka gani da idonka kafin a rubuta maka lamba, domin lamba biyu a jere ba lallai su zama maƙwabta ba, hanyar tsakiya tana iya raba su. Na ga wanda ya biya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga ɗan atachi a kan benci a tsakaninsu.

Ni mace ce, ba na son a matse ni tsakanin maza. In biya biyu?

Hajiya, kwantar da hankalinki, kin fi kowa hujja. Amma ki fara yi wa ɗan kamasho magana tukuna. Sau da yawa yakan haɗa mata a layi ɗaya, ko ya ba ki bakin taga ya sa wata a gefenki, ba ki ƙara ko sisi ba. In babu wata mace a motar, ki biya, kuma ba sai kin yi wa kowa bayani ba.

Na biya kujera biyu, a hanya direba ya tsaya zai sa wani a kai. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambayar, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da irin motar da ka shiga, da abin da ke hannunka a rubuce, da wanda ake son sakawa, da wurin da aka tsaya.

In motar da ake yanka tikiti ce, irin su Borno Express, Gombe Line, Yankari Express ko KTSTA ta Katsina, ko motocin kamfanoni, ka karɓi tikiti biyu, kowanne da sunanka, kuma ka tsaya a kan mai rubutu har ya sa sunanka sau biyu a takardar fasinjoji. Kada ka yarda da tikiti ɗaya da aka rubuta “biyu” a gefensa da biro. Direban irin wannan mota yana da ofishin da zai koma, yakan ji nauyin takarda. Ba koyaushe ba, amma yakan ji.

In motar tasha ce ta layi, nan aka fi samun rikici, kuma sau da yawa ba mugunta ba ce. Ɗan kamasho ka ba kuɗi, shi ya cire nasa ya miƙa wa direba sauran a dunƙule, direban yana can wajen mai shayi sanda kuka yi maganar. Ya shigo ya ga gurbi, ya ɗauka ba a cika ba, ko kuma ya yi kamar bai sani ba. Tun ran gini tun ran zane: kafin a tayar da mota ka kira shi a gaban ɗan kamashon, ka ɗaga murya yadda na baya za su ji, ka ce, “Direba, gaban nan biyu na biya, ka sani ko?” Ka jira ya amsa da bakinsa. Ka karɓi lambar wayar ɗan kamashon, ka ɗauki hoton lambar mota. Direban da ya amsa a gaban mutum takwas zai yi wuya ya musa a Tafa. In motar bakin titi ce da ba ta san tasha ba, ba ka da kowa. Ka riƙe kuɗin kujera ta biyu sai an sauka, in ya ƙi ka nemi wata. Ni ma dai ba na son a hau irin waɗannan, amma wannan wata magana ce.

Sai wanda ake son sakawa. In fasinjan hanya ne kawai, da rana tsaka, a cikin gari, direba na neman ƙarin na cefane, ka ce a'a, a hankali, sau ɗaya, ka kira ɗan kamasho in ya matsa. Yawanci nan take ƙarewa. Amma akwai ranar da za a tsaya gab da magariba tsakanin Potiskum da Damaturu, mota ta lalace da mutane, ga tsohuwa da jikanta a bakin titi, ga kujera a gefenka babu kowa. Haƙƙinka ne, babu mai musu, sai dai duk motar za ta juyo ta dube ka, kai ma ba za ka ji daɗin sauran tafiyar ba. A nan ni shawarata ka matsa. Abin da kawai za ka tsaya a kai shi ne kuɗi: in direba zai karɓa a hannunta, to kujerarka ya sayar, kuɗin naka ne, ko ya mayar maka da na sauran hanyar, ko ka ce kada ya karɓi komai a wajen Iya. A gama maganar kafin ta shiga. Bayan an rufe ƙofa, zance ya zama “sai mun isa”, in an isa kuma kowa ta kayansa yake yi.

In mai kaki ne aka ce a rage wa hanya daga shingen bincike, ba zan yaudare ka ba, direban ma ba da son ransa ba ne, kuma gardamarka ba za ta yi nisa ba. Ka nemi direba ya rage maka wani abu daga baya. Wataƙila ya yi, wataƙila ya ce shi ma ba a biya shi ba.

Wanda ya fi cin mutane shi ne juye. Ka taso daga Kano za ka Abuja, a Kawon Kaduna direba ya ga fasinjansa sun ragu, ya mayar da ku wata mota ya juya gida. Kawuna yake ƙirgawa ya biya sabon direba, kai kuma kanka ɗaya ne. Kada ka sauke jakarka sai ka haɗa su biyun ka ji an ce biyu aka biya maka. In ka bari na farkon ya ja motarsa, shi ke nan.

Kuma don Allah, duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka yi cacar baki da mutumin da ke riƙe da sitiyari a guje, kada kuma ka yi fushi ka ce a sauke ka a daji. Ka bari a isa tasha, ka nemi ofishin 'yan yuniyon ka kai ƙara da lambar motar. Wani lokaci a karɓo maka kuɗinka nan take, wani lokaci a ba ka haƙuri kawai.

Zan iya ɗora kayana a kan kujerar?

Ka ma ɗora. Kujerar da ba komai a kanta ita ke jan ido. Jakar hannu, kwamfuta, kwalin magani, duk daidai ne. Tukunyar gas da jarkar fetur, a'a. Kuma kujera ta biyu ba ta biya maka kuɗin buhun da ke but ba, wannan cinikinsa daban.

Yarona shekararsa 7, ba sai in ɗora shi a cinya ba?

Daga Kano zuwa Legas, kusan kilomita 1,000, a cinya? Ku ji tsoron Allah. Ku ne za ku biya wa jaka kujera ku hana yaro. Tun kafin Zariya ƙafarka ta mutu, shi ya gaji yana kuka, maƙwabci yana shan gwiwarsa. In aka taka birki da ƙarfi kuma, hannunka ba zai riƙe shi ba. Na goye daban. Wanda ya isa makaranta a saya masa tasa.

Ƙafata na kumbura a doguwar tafiya. Kujera biyu za ta magance?

Za ta rage, ba za ta magance ba, domin faɗi ta ƙara maka, gaban gwiwarka yana nan yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko a jirgi ko a mota. Kada wannan ya firgita ka, ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne ko an ninka. Amma duk inda aka tsaya salla ko cin abinci, ka sauka ka taka. Ka riƙa motsa idon sawu kana zaune. Ka sha ruwa, ku daina ƙin sha don gudun fitsari. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda jini ya taɓa daskare masa, su ga likita kafin tafiyar, ba ni ba.

A ƙasashen waje ma haka ake fama?

A Turai, kamfanin motocin bas na Jamus mai suna FlixBus yana ba ka damar ƙara kuɗi a manhajarsa ka kama kujerar gefenka tun wajen sayen tikiti. Ko can ɗin ma wani kan zo ya zauna, sai ka nuna masa waya.

Ana jibi Sallah ma zan iya?

In an yarda a sayar maka. Wasu ba sa yarda in layi ya yi tsawo, kuma ban ga laifinsu ba, mutane na kwana a tasha. In ba lalura ba ce, ka haƙura da ɗaya a wannan makon, ko ka yi tafiyarka tun da sauran kwanaki.

Zan iya bugo waya a ajiye mini biyu, in na zo in biya?

A'a. Wanda ya riga ka miƙa kuɗi shi zai zauna, ko ɗan kamashon abokinka ne. Ka tura kuɗin tun dare ka ajiye shaidar turawa, ko ka zo bayan sallar asuba a yi lodin motar farko da kai.