Kakakin ma'aikata a Damagaram: waɗanne halaye ake so ya saba da su?

Wane hali ne na farko?

Ɗaga waya. Ɗan jaridar da ya kira ka da hantsi yana neman abin da zai saka a labaran rana ne. In ka share shi, zai watsa abin da ya tsinta a fada ko a Kasuwar Dole, ya ƙara da cewa ya neme ku bai same ku ba. Ko ba ka da amsa, sa masa lokacin da za ka kira, kuma ka cika.

Sanarwa da Faransanci ko da Hausa?

Duka biyu, amma ta Hausar ka rubuta ta da hannunka. Tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, sai dai har yanzu ofisoshi da yawa takardar Faransanci kawai suke aika wa gidan rediyo, su bar mai gabatarwa ya fassara yana kan iska. A nan ake tafka ɓarna, musamman wajen kuɗi. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce: sefa 500 ita ce "ɗari". Na taɓa jin an karanta 500 a matsayin "ɗari biyar" a sanarwar wata ma'aikata, mutane suka ɗauka sefa 2.500 ake nufi. Washegari masu tsaron ƙofa ne suka sha zagi, ba su ci ba, ba su sha ba. Don haka rubuta adadin yadda ake faɗarsa a kasuwa, ka karanta wa wani dattijo kafin ka aika.

In wani abu ya ɓaci fa, kamar haɗari ko tsayawar aiki?

Kada ka jira rahoton ƙarshe. Faɗi abin da ka tabbatar, ka faɗi lokacin da za ka ƙara bayani. Kafin taron manema labarai, sanar da mai unguwa da liman, in abin babba ne har fadar Sarkin Damagaram. Ba ya kyautuwa su ji a rediyo. Sannan ka naɗi saƙon murya gajere na WhatsApp, domin ba kowa ke karatu ba.

Kuɗin kabu-kabu na ƴan jarida halal ne?

In na sufuri ne da gaske, a ba kowa daidai, a fili, ya sa hannu a takarda. Wanda ya soki ma'aikatarku jiya ma a gayyace shi gobe, a ba shi nasa.