Zobe da Littafin Shekara: Tambayoyi kan Makarantar Lane Tech ta Chicago

Wace makaranta ce Lane Tech?

Sakandare ce ta gwamnati a birnin Chicago na Amurka. An buɗe ta a 1908 domin koya wa yara maza aikin hannu, irin su kafinta da ƙira da zubin ƙarfe. Sunanta daga Albert G. Lane ne, tsohon shugaban makarantun birnin. Lokacin masana'antun Chicago na bunƙasa, kuma masu su sun fi son yaron da ya iya riƙe guduma ya kuma iya karanta zanen inji.

Yaushe ta koma inda take yanzu?

A 1934, bayan ɗalibai sun yi wa tsohon ginin yawa. Ranar ƙaura dubban ɗalibai suka taka da ƙafa daga filin wasan Wrigley har sabon ginin da ke mahaɗar titunan Addison da Western. Mata kuwa ba su samu shiga ba sai 1971, kuma maza da dama sun fito zanga-zangar ƙin amincewa. Yau ta fi karkata ga shirya yara shiga jami'a, sai an ci jarrabawa ake samun gurbi.

Me ɗalibi ke tafiya da shi ranar yaye?

Takardar shaida, sai tuntun hular yaye wanda ake mayar da shi daga dama zuwa hagu idan an kammala bikin. Wasu kan sayi zoben aji mai ɗauke da sunan makaranta da shekarar kammalawa. Al'adar zoben ta faro ne daga makarantar sojoji ta West Point a 1835. Kamfanonin ƙera zobe irin su Jostens suka mai da ita kasuwa, kuma zoben ba shi da arha.

Tsakanin zobe da littafin shekara, wanne ya fi amfani ga mai neman tarihi?

Littafin shekara, nesa ba kusa ba. Na Lane sunansa Arrowhead. Zobe sunan makaranta da shekara kawai zai gaya maka. Littafin kuwa yana nuna fuskokin 'yan aji, da hotunan ɗakunan aiki, da gaisuwar da abokai suka rubuta da biro a gefen shafi. Jera na shekarun 1930 da na 1980 ka gani: a na farko maza zalla a bakin injuna, a na biyu ga 'yan mata sun shigo sahu.