Sororiti: ƙungiyoyin ɗalibai mata a jami'o'in Amurka da batun buɗe rassansu

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata zalla a jami'o'in Amurka da Kanada, wadda ake shiga ta hanyar tantancewa da rantsuwa, kuma in mace ta shiga to ta shiga kenan, ko ta gama karatu tayi aure ta tsufa sunanta na nan a littafi. Yawancinsu sunansu haruffan Girkanci ne guda biyu ko uku, kamar Kappa Alpha Theta ko Delta Gamma, duk da dai babu abinda ya haɗa su da ƙasar Girka in banda haruffan. Kowacce tana da uwar ƙungiya wato hedikwata ta ƙasa, sannan tana da rassa a makarantu daban-daban. Takardar izinin kafa reshe a hannun uwar ƙungiya take, ita ke bayarwa ita ke karɓewa, amma kuma reshen ba zai zauna a makaranta ba sai hukumar jami'a ta yarda. Shi ya sa reshe kan buɗe, ya mutu, a sake tada shi bayan shekaru, wani lokacin ma jikokin waɗanda suka rufe shi ne ke zuwa buɗewa.

Asali

Maza ne suka fara. A 1776 aka kafa Phi Beta Kappa a Kwalejin William and Mary dake jihar Bajiniya, daga nan al'adar saka haruffan Girkanci ta samo tushe. Mata sun biyo baya da nisa saboda a lokacin ma ba'a ɗaukarsu a yawancin jami'o'i. A 1851 wasu ɗalibai a Kwalejin mata ta Wesleyan dake garin Macon a jihar Jojiya suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Adelphean, wadda daga baya ta koma Alpha Delta Pi, shekara ɗaya bayan nan ta biyu ta fito a wannan makarantar dai, itace yanzu ake kira Phi Mu.

Abin yafi ƙarfi ne bayan yaƙin basasar Amurka, lokacin da makarantun maza suka fara ɗaukar mata ƴan tsiraru, mazan kuma da dama daga cikinsu basu so hakan ba. A 1867 aka kafa I.C. Sorosis a Kwalejin Monmouth ta jihar Ilinoi, itace ta zama Pi Beta Phi. Ranar 27 ga Janairun 1870 mata huɗu suka kafa Kappa Alpha Theta a makarantar da yanzu ake kira Jami'ar DePauw a Indiyana, ita ake lissafawa a matsayin ta farko da ta fito da sunan Girkanci tun daga ranar kafuwa. A watan Oktoba na wannan shekarar Kappa Kappa Gamma ta fito a Monmouth. Gamma Phi Beta ta Jami'ar Syracuse, wadda aka kafa a 1874, ita aka fara kira da sunan sororiti wajen 1882, ana danganta hakan ga wani farfesan Latin mai suna Frank Smalley. Batun wacce ce "ta farko" har gobe ana ja-in-ja a kai, kowacce da irin ma'aunin da ya dace da ita.

Waɗannan matan na farko ba don biki da kwalliya suka haɗu ba, neman wurin tsayawa suke a cikin makarantar da ake musu kallon baƙi, suna haɗuwa suyi muhawara, su karanta rubuce-rubucen juna, su taimaki wadda karatu ya yiwa nauyi. A 1887 harkar ta tsallaka Kanada da reshen Kappa Alpha Theta a Toronto. Da ƙungiyoyin suka yi yawa sai rigima ta ɓarke kan kwasar sababbin ɗalibai, kowa na rige-rigen kama ƴaƴan manya, wannan ne yasa a 1902 aka zauna a Chicago aka kafa majalisar haɗin gwiwa wadda a yau ake kira National Panhellenic Conference, tana da ƙungiyoyi 26 a ƙarƙashinta. Cikin dokokinta akwai cewa duk wadda tayi rantsuwa a ɗaya daga cikinsu bata da damar shiga wata har abada.

Na baƙar fata

Tsofaffin ƙungiyoyin nan na fararen fata ne kuma kiristoci, sun daɗe basa ɗaukar baƙar fata ko yahudawa, wasu a rubuce wasu kuma a aikace kawai. Sai waɗanda aka rufe wa ƙofa suka kafa nasu. A Jami'ar Howard dake Washinton, Ethel Hedgeman da ƙawayenta suka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908. A 1913 mata 22 suka ɓalle daga cikinta suka kafa Delta Sigma Theta, kuma aikinsu na farko a bainar jama'a shine shiga macin neman ƴancin zaɓe ga mata da aka yi a Washinton ranar 3 ga Maris na shekarar. Zeta Phi Beta ta zo a 1920 a Howard ɗin dai, sai Sigma Gamma Rho a 1922 wadda malaman makaranta bakwai suka kafa a Jami'ar Butler. Su huɗun nan da ƙungiyoyin maza biyar suna ƙarƙashin majalisarsu daban da aka kafa a 1930. Tsarinsu ya bambanta, don ƙarfinsu yafi yawa a rassan waɗanda suka gama karatu, kuma irin waɗannan rassan ne ke sa ido kan na ɗalibai. Kamala Harris ta shiga Alpha Kappa Alpha ne a Howard a 1986.

Yahudawa sun kafa Alpha Epsilon Phi a Kwalejin Barnard a 1909, ƴan asalin Latin Amurka kuma Lambda Theta Alpha a jihar New Jersey a 1975.

Yadda ake buɗe sabon reshe

A tsarin ƙungiyoyi 26 ɗin nan, ba wai wasu ƴan mata bane zasu tashi kawai suce mun kafa reshe. Kowace jami'a tana da ƙaramar majalisa ta rassan da suke wurin, su ne zasu fara duba alƙaluma, mata nawa ne ke neman shiga duk shekara, nawa ake ɗauka, nawa ke komawa hannu rabbana, rassan da ake dasu sun cika ko kuwa wasu na rarrafe. Akwai wani adadi da ake tsayarwa na iyakar mutanen da reshe zai ɗauka, in aka ga kowa ya cika har gidajen da ɗakunan taro sun kasa, to sai a kafa kwamiti, daga nan a kaɗa ƙuri'a, kuma ana buƙatar kashi biyu cikin uku kafin a ce an buɗe ƙofa. Anan ne son kai ke shigowa, tunda ƙaramin reshe da yake fama da neman mutane da wuya ya ɗaga hannu a kawo masa kishiya.

In ƙuri'a ta wuce sai a sanar wa duka ƙungiyoyin, masu sha'awa su aiko da takardu, a zaɓi biyu ko uku a gayyato su suzo suyi bayanin kansu, me zasu kashe, tsofaffin mambobi nawa suke dasu a kusa da garin da zasu riƙa ba da shawara, ya zasu yi da batun gida. Wadda aka zaɓa sai ta turo ma'aikatanta, galibi ƴan mata ne da basu daɗe da gama digiri ba, su tare a garin suna hira da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya har a haɗa rukunin farko. Wannan rukunin na zaman gwaji ne, sai sun cika sharuɗɗa na yawan mutane da makin karatu da lissafin kuɗi sannan ayi bikin miƙa musu takardar izini, abin kan ɗauki watanni wani lokacin ya haura shekara.

Kuɗi dai shine babban shinge. A manyan jami'o'in kudancin Amurka gidan reshe ɗaya kan ci miliyoyin daloli, kuma sabon reshen da bashi da gida da wuya yayi gogayya da masu shi. Kuɗin da mamba ke biya a zango yana farawa daga ɗaruruwan daloli har zuwa dubbai ga mai kwana da cin abinci a gidan.

Rufewa da dawowa

Reshe na mutuwa ta hanya uku, ko mutane su ƙare, ko a kama shi da laifi kamar gallaza wa sababbin shiga da shan giya ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma makarantar ta haramta harkar baki ɗaya. In laifi ne, yawanci ana rubuta yarjejeniya cewa za'a iya dawowa bayan shekara huɗu ko biyar, wato sai duk waɗanda aka yi abin a gabansu sun gama sun tafi. Masu tada maganar dawowa kusan kullum tsofaffin mambobi ne, su ke riƙe da gidan ko asusun, su ke rubuta wa hedikwata wasiƙu.

Misali mafi daɗewa shine Monmouth, inda biyu daga cikin manyan ƙungiyoyin suka samo asali. A lokacin kwalejin na ƙarƙashin wata coci ce da bata yarda da ƙungiyoyin asiri ba, wajen 1874 aka haramta su, rassan suka cigaba a ɓoye na wasu shekaru kafin su mutu wajen 1884. Haka ƙungiyoyin suka yaɗu a faɗin ƙasar alhali a mahaifarsu babu su, sai a 1928 Pi Beta Phi ta koma, Kappa Kappa Gamma kuma a 1934, bayan kusan shekara hamsin.

Jami'ar Stanford ta haramta sororiti a 1944 bisa dalilin cewa gasar shiga tana raba kan ɗalibai mata, ba'a ɗage haramcin ba sai 1977. Labarin Kwalejin Swarthmore yafi ban mamaki, don a nan matan ne da kansu suka kaɗa ƙuri'ar rushewa a 1933, bayan gangamin da wata ɗaliba Molly Yard ta jagoranta saboda an ƙi ɗaukar wata bayahudiya. Shekara kusan 80 aka yi babu, wajen 2013 Kappa Alpha Theta ta dawo, amma a 2019 wasu takardun cikin gida na wata ƙungiyar maza ta kwalejin suka fallasa, ɗalibai suka mamaye gidan ƙungiyar, kwalejin ta soke harkar gaba ɗaya har da ta matan da ba'a kama su da komai ba, aka dai bar mambobin da ke ciki su ƙarasa zuwa 2022.

A Harvard ma kusan haka aka yi. A 2016 jami'ar ta sanar cewa duk ɗalibin dake ƙungiyar jinsi ɗaya ba zai shugabanci ƙungiyar ɗalibai ba, ba zai zama kyaftin ɗin ƙungiyar wasanni ba, kuma ba za'a tsaya masa wajen neman tallafin karatu na Rhodes ba. Tsofaffin kulob ɗin maza masu kuɗi aka nufa, amma su sun iya jurewa, rassan mata huɗu ne suka girgiza, zuwa 2018 wasu sun rufe wasu sun koma haɗaka. Aka shigar da ƙara a Disambar 2018, a watan Yunin 2020 jami'ar ta janye dokar.

Wani lokacin kuma gyaran ne ke kashe reshe. A ƙarshen 2006 hedikwatar Delta Zeta ta sallami mambobi 23 a DePauw da sunan farfaɗo da reshen, waɗanda aka sallama suka ce saboda ƙiba da kamanni ne, ƙungiyar ta musanta, a 2007 jami'ar ta yanke hulɗa da ita.

Taƙaddama

Masu goyon baya na cewa rassan na samar da ƙawance da horon shugabanci da tara kuɗin sadaka, masu suka na cewa wariya ce ta launi da aljihu. A 2013 jaridar ɗalibai ta Jami'ar Alabama ta fallasa yadda tsofaffin mambobi ke toshe baƙar fata, hukumar jami'ar ta sa aka sake buɗe ɗauka. A 2020 an yi gangamin a rushe harkar a makarantu irin su Vanderbilt, mambobi da dama suka fice. A Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta jami'o'i bayyana rahoton gallaza wa sababbin shiga. Batun ɗaukar waɗanda suka sauya jinsi ya kai kotu a Wyoming a 2023. Dokar hana bambancin jinsi a makarantu ta 1972 bata shafi waɗannan ƙungiyoyin ba, an cire su daga ciki a 1974.

Na musulmi

A 2005 Althia Collins da ɗiyarta Imani Abdul-Haqq suka kafa Gamma Gamma Chi, wadda ake ɗauka a matsayin sororitin musulmi ta farko, babu giya babu cakuɗa da maza. Mu Delta Alpha ta biyo baya a 2016 a Jami'ar Texas dake Dallas. Rassansu kaɗan ne.

A Afirka

Zeta Phi Beta ce ta fara buɗe reshe a nahiyar, a Monrovia ta Laberiya a 1948, Alpha Kappa Alpha ta biyo a garin dai wajen 1958, a 2021 kuma ta buɗe reshe a Legas na waɗanda suka gama karatu. Wannan daban yake da ƙungiyoyin asiri na jami'o'in Najeriya, waɗanda tarihinsu ya faro daga Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952, basu da wata alaƙa ta tsari da na Amurka.

Halin yanzu

A manyan jami'o'in kudu masu neman shiga sun ƙaru, musamman tun da bidiyoyin makon tantancewa na Alabama suka karaɗe TikTok a 2021, don haka a can aka fi maganar ƙarin rassa. A ƙananan kwalejoji kuwa rufewa tafi buɗewa, ɗaliban na raguwa saboda haihuwa ta faɗi a Amurka tun bayan matsin tattalin arziki na 2008, wasu makarantun ma su kansu rufewa suke tare da rassan dake cikinsu.