Waiwaye: Yadda 666 ta tashi daga lissafi ta koma zane

Da zarar wani sabon abu ya ɓullo, ko allurar rigakafi, ko katin shaida mai ɗauke da bayanan mutum, ko cinikin da ba a taɓa tsabar kuɗi, sai gardamar "alamar dabba" ta sake tashi a majami'u da shafukan sada zumunta. Wasu na ɗauka da annobar korona abin ya fara, alhali gardamar ta haura shekara 1,800.

Ayar da ake ja-in-ja a kanta ita ce Ru'ya ta Yohanna 13:18 a Littafi Mai Tsarki, wadda ta ce lambar dabbar da za a sa wa mutane alamarta a hannu ko a goshi 666 ce, a littafin da aka rubuta wajen shekara ta 95 zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai a yammacin Turkiyya ta yau. Wajen shekara ta 180, Ireniyus, bishop na Liyon da ke Faransa ta yau, ya tarar da kwafe-kwafen littafin masu cewa 616 maimakon 666. Ya ƙi su, ya kawo sunaye uku da suka dace da 666, ya kuma ja kunne kada a yi gaggawar tsayar da ɗaya. Daga nan kowane zamani ya liƙa lambar a kan abin da yake tsoro. Katolika da Furotesta sun jefi juna da ita, shekarar 1666 kuma ta tayar da hankalin jama'a a Ingila. Wannan duk sananne ne.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne sauyin da ya samu alƙaluman kansu. A zamanin Yohanna, Girkanci da Ibrananci ba su da alƙaluma na daban. Haruffa ne ke aikin, kamar lissafin abajada na haruffan Larabci: taran farko daga 1 zuwa 9, na gaba daga 10 zuwa 90, sauran kuma ɗaruruwa. Saboda haka kowane suna yana da jimla. A bangon Pompeyi, garin Italiya da aman wuta ya binne a shekara ta 79, wani ya rubuta cewa yana son wadda lambarta 545 ce. Ita ta san da ita ake, mai wucewa bai sani ba. Sunan Yesu da Girkanci 10, 8, 200, 70, 400 da 200 ne, jimla 888. Shi ya sa ayar ta ce mai hankali ya lissafta, kuma kalmar da ta yi amfani da ita daga tsakuwar ƙidaya ta samo asali.

Ga yadda yawancin masana ke yin lissafin. A rubuta "Neron Kaisar", wato Nero sarkin Roma, da baƙaƙen Ibrananci, ba wasula: nun 50, resh 200, waw 6, nun 50, kof 100, samek 60, resh 200. Jimla 666. A cire nun ta ƙarshen sunan, yadda masu Latin ke cewa Nero, sai a samu 616. Wannan fassara ta fi sauran ƙarfi domin ta bayyana lambobin biyu tare, kuma 616 ce a wani guntun takarda na ƙarni na 3 ko na 4 da aka tono a Masar aka wallafa a 1999. Rauninta shi ne lissafin hanya ɗaya yake bi. Daga suna zuwa jimla abu ne mai sauƙi, amma jimla ɗaya na iya dacewa da ɗaruruwan sunaye.

A wasu tsofaffin kwafe-kwafen lambar haruffa uku ce mabambanta, χξϛ, wato 600 da 60 da 6. Ireniyus ya lura akwai shida a kowane mataki, amma ido bai ga siffa ɗaya sau uku ba. Sai da alƙaluman Indiya da Larabawa suka shiga Turai, musamman bayan littafin Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, na 1202, injin ɗab'i kuma ya baza su, sannan lambar ta zama shida uku a jere. Ba wanda ya shirya hakan, 'yan kasuwa sauƙin lissafi kawai suke nema. Amma tun daga nan mai karatu ya daina tarawa, ya koma laluben kamanni.

Daga nan yawancin kura-kuran yau suka fito. An ce www ta adireshin intanet ita ce 666 domin waw 6 ce, alhali a ƙa'idar tarawa waw uku 18 ne. An ce dogayen layukan gefe da tsakiyar lambar kaya mai zane-zane (barcode), wadda aka fara aiki da ita a 1974, shida uku ne. Amma a tsarin nan kowane alƙalami faɗin gurbi 7 yake ci, layukan gefe 3, na tsakiya 5, na'ura ma ba ta karanta su a matsayin lamba. Ita lambar kanta ba haramtacciya ba ce: 1 Sarakuna 10:14 ta ce zinariyar da ke shigo wa Sulemanu a shekara talanti 666 ce.

Rabon surori a ƙarni na 13, da na ayoyi a 1551, ya ƙara dagula al'amarin. Sura ta 13 ta tsaya a kan lambar, mai karatu ya rufe littafi. A rubutun asali babu wannan yanka, jimla ta gaba ita ce 14:1, inda mutum 144,000 ke tsaye da Ɗan Rago, wato Yesu, sunansa da na Ubansa rubuce a goshinsu. Suna ne a goshi nan ma, kuma ba a cika jin mai cewa wannan na'ura ce da za a dasa a fata ba, yadda ake faɗa a kan alamar dabba.